Daga Atina da Bagadaza zuwa Damagaram: tarihin sunayen adon harshe

Ɗalibin ajin ƙarshe na lise a Maraɗi ko Tawa yana iya gamuwa da abu guda sau uku cikin yini ɗaya ba tare da ya shaida shi ba. Da safe mushen faransanci ya rubuta masa kalmar metafor bisa allo. Da la'asar, in yana cikin masu zuwa zaure ɗaukar karatu, malam ya biya masa isti'ara cikin littafin balaga. Da dare ya buɗe wani littafin nazarin waƙa da aka sayo daga Kano, ya tarar da siffantawa. Alhali tun yana ƙarami ya ji kakarsa, ranar rasuwar wani dattijon unguwa, ta ce "yau bango ya faɗi", ba ta kuwa taɓa neman sanin sunan abin da bakinta ya yi ba.

Sunayen nan uku kowane da hanyar da ya biyo ya iso ƙasar Hausa, kowane kuma da buƙatar da ta haife shi. Sanin tarihinsu ya zama wajibi ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, musamman tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, faransanci da ingilishi suka koma harsunan aiki. Harshen da za a koyar da adabi cikinsa tilas ya mallaki kalmomin da zai yi bayanin kansa da su, kuma wanda bai san asalin kalma ba yana iya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Hanyar Girka da Roma

Marubutan zamanin da sun ruwaito cewa iya magana ta fara zama fannin koyarwa a tsibirin Sisil, cikin ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan faɗuwar sarakunan kama-karya, mutane suka yi ta kai ƙara don a maido masu da filayen da aka ƙwace, kuma wanda ya fi iya tsara zance gaban masu shari'a shi ke komawa gida da gonarsa. Tun daga tushe ke nan, abin da ake kira ado a yau kayan faɗa ne a dandalin shari'a da na siyasa.

Cikin ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristot ya koyar a birnin Atina, ya bar littafi guda a kan waƙa da wasan kwaikwayo, wani kuma a kan iya magana. Kalmar metafora a harshen Girka ma'anarta ɗauke abu daga wani wuri a kai shi wani. Aristot ya bayyana ta da cewa a ba wani abu sunan da ba nasa ba ne, ya kuma ɗauke ta alamar basira, domin sai mai ido ke hango kama tsakanin abubuwa biyu da suka yi nisa da juna. Manomin da ya dubi gonarsa cikin watan Agusta ya ce "hatsi ya yi ciki" ya aikata haka: ya aro kalma daga jikin mace ya ba tsiro.

Romawa suka gaji wannan ilimi suka tsara shi. Wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Annabi Isa, Kintiliyen ya kammala littafinsa mai kashi 12 a kan tarbiyyar mai jawabi, inda ya raba dabarun gida biyu: waɗanda ke karkatar da ma'anar kalma, da waɗanda ke sauya tsarin jimla ko na tunani, kamar maimaici da jeranta kishiyoyi. Wannan jeri ya bi makarantun Turai ƙarni bayan ƙarni cikin harshen Latin. A Faransa, Du Marsais ya wallafa littafinsa a kan karkatar da ma'ana a 1730, sannan Pierre Fontanier ya fitar da littattafai biyu, a 1821 da 1827, ya jera dabaru gommai, kowace da sunanta da danginta.

Daga nan sai kasuwar fannin ta faɗi. Marubutan ƙarni na 19 suka zarge shi da maida rubutu haddar ƙa'idoji, kuma gyaran tsarin karatu na 1902 ya cire sunan ajin iya magana daga lise-lise na Faransa. Sojojin Faransa kuwa sun shiga Damagaram a 1899. Lakkwal ɗin da ta biyo bayansu ta zo ne daidai lokacin da aka yi watsi da fannin a gida, kuma buƙatarta ita ce tafintoci da magatakarda masu iya shifta da lissafi. Jerin dabarun bai sake farfaɗowa ba sai da masana ilimin harshe suka tono shi: Roman Jakobson ya yi rubutu a 1956 a kan metafor da metonimi a matsayin manyan hanyoyi biyu na tafiyar zance, Gérard Genette ya sake buga littattafan Fontanier a haɗe a 1968. Ta nan ne sunayen suka koma cikin littattafan aji da sharhin matani na jarrabawar bakaloreya. Abin da ɗalibin Nijar ke haddacewa ya haura shekara 2000 a jijiya, amma a siffarsa ta aji bai daɗe ba.

Hanyar Bagadaza

Hanya ta biyu ta riga ta farko isowa da ƙarnuka. Larabawa ba shari'ar gona ta kai su ga nazarin adon harshe ba. Fahimtar Alƙur'ani ce da bayyana gagarar salonsa, tare da gardamar mawaƙa. A farkon ƙarni na 9, Abu Ubaida na Basra ya rubuta Majazul Ƙur'an don warware hanyoyin da harshe ke bi ya faɗi abu. Jahizu, wanda shi ma ɗan Basra ne, ya tara misalan fasaha cikin Albayan wat Tabyin.

A shekara ta 887 wani ɗan gidan sarautar Abbasiyawa a Bagadaza, Ibnul Mu'utazzi, ya rubuta Kitabul Badi'i. Mawaƙan zamanin Abbasiyawa, irin su Abu Tammam, ana yaba masu ana kuma zargin su da cika waƙa da sabbin dabaru. Shi kuwa ya nuna da misalai cewa dabarun tsofaffi ne, suna cikin Alƙur'ani da hadisi da waƙoƙin jahiliyya, abin da ya sauya kawai yawansu ne. Ya ware manya guda 5, isti'ara na kan gaba, ya ƙara wasu fiye da 10. Shi ne mutumin da aka naɗa halifa a 908, sarautar tasa ba ta wuce yini ɗaya ba, aka kashe shi. Littafin nasa kuwa ya rayu.

Wanda ya zurfafa fannin shi ne Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu a 1078. Cikin Asrarul Balaga da Dala'ilul I'ijaz ya kafa hujja cewa kyan magana yana cikin yadda aka saƙa kalmomi da juna, kalma ita kaɗai ba ta da fifiko bisa ƴar'uwarta. Sakkaki, wanda ya rasu a 1229, ya maida wannan tunani ƙa'idoji cikin Miftahul Ulum, Ƙazwini kuma, wanda ya rasu a 1338, ya taƙaita shi cikin Talhis. Daga nan balaga ta tsaya bisa duwatsun murhu uku: ma'ani, wato dacewar jimla da halin da ake ciki; bayani, wato hanyoyin kawo ma'ana guda ta fuskoki dabam-dabam; da badi'i, wato ƙawata lafazi da ma'ana. Cikin bayani ne ake samun tashbihi da majazi da kinaya. Kinaya ita ce a ambaci abin da ke bin wani hali a bar halin kansa, kamar a ce "tukunyar gidansa ba ta sauka daga murhu" ana nufin mai kyauta ne, kuma ba mamaki tukunyar da gaske ba ta sauka. Shi kuwa badi'i ya yi ta hayayyafa, har Safiyuddin Alhilli cikin ƙarni na 14 ya tara dabaru kimanin 150 cikin ƙasida guda ta yabon Annabi.

Littattafan nan sun ƙetaro Sahara tare da ayari da alhazai. Suyuɗi na Misira, wanda ya rasu a 1505, ya aika da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, kuma waƙensa na balaga, Uƙudul Juman, ya samu gurbi a zauruka. Abdurrahman Al'ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda kowane almajiri ya sani da littafin Ahalari na tsarki da salla, shi ne kuma ya waƙe Jauharul Maknun a kan rassan balaga uku. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Shehun da aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau, ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta cikin Ida'un Nusuhi, kuma Talhis da Jauharul Maknun suna ciki.

Wannan karatu ya bar sawu cikin Hausa. Kalmomin balaga, fasaha, hikima, misali, ishara, kinaya, baiti da ƙafiya duk daga nan suka shigo. Rubutacciyar waƙar ajami ta ƙarni na 19 ta ɗauki ma'aunan Larabci da amsa-amo, ta kuma ɗauki hotuna irin na wa'azi, inda duniya ke zama tsohuwa mai kwalliya ko masaukin matafiyi. Sai dai a zaure ana karanta balaga ne don a fahimci matanin Larabci. Malam yana fassara ƙa'ida da Hausa, amma ba a saba ɗora ta bisa waƙar makaɗin fada ko ta mai daka ba, domin kiɗa da roƙo ana ganin su nesa da shimfiɗar malamai.

Sunayen da Hausa ta riga ta mallaka

Rashin shigar waƙar baka cikin littafi bai sa Hausawa sun rasa sunayen dabarun bakinsu ba. Akwai kirari, take, zambo, habaici, gugar zana, gatse, ba'a, baƙar magana, karin magana, kacici-kacici da zaurance, kuma ba wanda ya ƙago su a makaranta. Abin lura shi ne ma'aunin da aka raba su da shi. Girkawa da Larabawa sun fi duban siffar magana: ina kalma ta taso, ina ta sauka. Bahaushe ya fi duban aikinta tsakanin mutane: wa ya faɗa, wa aka nufa, gaban wa, kuma mi zai biyo baya.

Misali guda ya isa. Maroƙi ya ce da sarki giwa. Wani ɗan kama ya ce da wani ƙato mai cin tuwon mutane giwa. A ma'aunin Fontanier duka biyu metafor ne, ba bambanci. A wurin Bahaushe na farko kirari ne, na biyu zambo, domin ɗaya yana jawo riga da doki, ɗayan yana iya jawo sanda. Haka zambo da habaici suka rabu: mai zambo yana siffanta mutum har kowa ya gane shi, mai habaici kuwa yana jefa magana ba suna, ya bar mai kashi a gindi ya tsargu, shi kuma ya samu ƙofar musu. Gatse shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi, kamar uwar da ta ga ɗanta na wasa da garwashi ta ce "ci gaba, ai sanyi gare shi".

Habaici ya fi ƙarfi inda faɗar gaskiya kai tsaye ke da tsada. Matan da ke zaman kishi sun mai da waƙar daka da ta niƙa fagen isar da saƙo, wani lokaci ma sunan da aka raɗa ma akuya ko zane shi ke ɗauke da maganar. Talaka gaban mai iko shi ma hanyar da ya bi ke nan. Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, ya yi waƙa a kan wani jami'in Faransa da ake kira Bodo, wadda ta adana wahalar aikin tilas na zamanin mulkin mallaka cikin bakin mutanen da ba su da jarida. A ɗaya gefen kuma akwai wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Zabarmawa, inda zagi ke nufin zumunci. Hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014. Nan kalma ba ta sauya siffa ko kaɗan. Dangantakar mai faɗa da mai ji ce ke juya ma'anarta.

Turawan da suka fara tattara maganganun Hausa, irin su Schön da littafinsa Magana Hausa na 1885 da Merrick mai tarin karin magana na 1905, sun adana misalai masu yawa. A Yamai, cibiyar tattara al'adun baka da aka kafa a 1968, wadda ta koma CELHTO a 1974, ta ɗauki muryoyin dattawa da maroƙa. Claude Gouffé, wanda ya yi nazarin Hausar Dogon Dutsi, ya wallafa bincike a 1966 a kan kalmomin ci da sha, ya nuna nisan da suke tafiya daga ma'anarsu ta farko. Ana cin kasuwa, ana cin amana, ana cin jarrabawa. Ana shan wahala, ana shan iska, ana shan kashi. Ga kuma farin ciki da baƙin jini da zafin rai da sanyin hali. Shekaru 14 bayan haka, a 1980, George Lakoff da Mark Johnson suka yaɗa ra'ayin cewa irin wannan aro shi ne ƙashin bayan zancen yau da kullum a kowane harshe, mawaƙi kawai yana wasa wuƙar da kowa ke riƙe da ita ne.

Sunayen da jami'o'i suka ƙera

Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, ya yi ƙoƙarin daidaita rubutun boko na harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A ƙetaren iyaka kuwa, jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato sun shiga koyar da adabin Hausa cikin Hausa, nan take kuma buƙatar kalmomin nazari ta taso. Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, wadda sabon tsarinta ya fito a 2007 da sunan Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990. Sa'idu Muhammad Gusau ya wallafa Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, Abdullahi Bayero Yahya kuma Salo Asirin Waƙa a 2001.

Masanan nan sun san jerin Turai, da yawansu sun san balaga, amma da ƙarfen gida suka yi ƙira. Daga kama aka samu kamance, inda ake gwada abu biyu da kalma irin kamar ko tamkar ko ya fi, har aka raba shi zuwa na daidaito da na fifiko da na kasawa. Daga siffa aka samu siffantawa, inda ake cewa wannan shi ne wancan kai tsaye. Daga alama aka samu alamtarwa, daga kambama aka samu kambamawa. Mafi ban sha'awa ita ce jinsintarwa mai rassa uku: mutuntarwa, in an ba wani abu halin mutum, kamar a ce yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa, dabbantarwa, in an ba mutum halin dabba, abuntarwa, in an maida shi dutse ko gatari ko guguwa. Littafin faransanci na aji yakan tsaya ga reshe na farko. Mai nazarin Hausa ba zai iya tsayawa nan ba, domin kirari da zambo cike suke da mutanen da aka maida zaki, kura, gwanki da garkuwa. Kayan da ke gaban masanan ne suka tilasta masu faɗaɗa ma'aunin.

Duk da haka bakin bai zama ɗaya ba. Wani marubuci ya ce adon harshe, wani adon magana. Wani ya ce siffantawa inda wani zai ce kinaya. A Nijar, dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa, amma kalmomin nazarin adabi galibi daga littattafan maƙwabta suke zuwa, su faɗo hannun malamin da ya yi nasa karatun cikin faransanci.

Abin da tarihi ke gargaɗi a kai

Hanya mafi sauƙi ga irin wannan malami ita ce ya ja layi uku bisa allo, ya rubuta metafor, isti'ara, siffantawa, ya ce duk ɗaya ne. Tarihin da aka bi a sama ya nuna inda layin ke karyewa. In an ce "jarumin nan zaki ne", faransanci zai kira shi metafor, littafin Hausa ya kira shi siffantawa, amma mafi yawan malaman balaga za su ce tashbihi ne mai ƙarfi, tun da an ambaci ɓangarorin biyu. Isti'ara a wurinsu sai an ɓoye ɗaya, kamar a ce "zaki ya shigo fagen kokowa". Kinaya ba ta yi daidai da metonimi ba, ko da yake sun yi maƙwabtaka. Abin da faransanci ke kira ironi kuwa ya watsu cikin gatse da habaici da ba'a, kowane da hukuncinsa a zaman jama'a. Ɗalibin da aka koya ma cewa habaici shi ne ironi kawai ya rasa abin da ya sa kishiya ke zaɓen habaici ta bar gatse.

Saboda haka aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyi iri biyu ne. Na farko shi ne su zauna su amince da jerin kalmomi guda don littattafan aji, su ɗauki abin da jami'o'i suka ƙera inda ya dace da Hausar Maraɗi da Adar da Arewa da Damagaram, su rubuta a fili wuraren da sunayen harsunan uku suka saɓa. Na biyu shi ne su ba tsofaffin sunaye matsayinsu cikin manhaja, a koyar da kirari da zambo da habaici da gatse a matsayin rukunan nazari masu ƙa'ida, kada su tsaya misalan da ake kawowa ƙarƙashin sunan baƙo. Wannan yana buƙatar a je wurin masu abin tun suna raye: sanƙirori, ƴan kama, zabiyoyi, da tsofaffin mata masu waƙar niƙa, waɗanda injin niƙa ya riga ya rage masu fage.

A cikin aji kuwa, tsarin da tarihin kansa ya bi shi ne mafi dacewa, domin ko'ina magana ce ta riga suna. Ɗalibi ya zo da jimlar da ya ji a gida ko kasuwa ko tashar mota, a tambaye shi wa ya faɗe ta, wa aka nufa, mi ya faru bayan an faɗe ta. In ya amsa waɗannan, sai a ba shi sunan Hausa, a bi da na Larabci da na faransanci, a nuna masa inda suka haɗu da inda suka rabu. Ranar da ya kawo maganar kakarsa ta bangon da ya faɗi, zai iya cewa abuntarwa ce, isti'ara ce, metafor ce, ya kuma ƙara abin da ba ya cikin ko ɗaya daga jerin: ta'aziyya ce aka yi ma unguwa baki ɗaya.